Iya Ruwa Fid Da Kai: Magana Ga 'Yan Arewa Mazauna Kudu

Duk ranar Salla, da an sauko daga Idi an ci tuwo an gaisa da dangi, sai samarin Arewa mazauna Ikko su yi gayya, su cika motoci daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, su nufi bakin teku. Da yawa daga cikinsu 'yan ci-rani ne da suka zo daga Katsina, ko Zamfara, ko Jigawa, ko ma daga Maraɗi da Damagaram, waɗanda kafin zuwansu babban ruwan da suka taɓa gani shi ne kududdufin bayan gari da damina. Za su isa cikin sababbin tufafi, su tsaya suna kallon igiyar ruwa tana tasowa tana komawa, can sai wani ya naɗe ƙafar wando ya shiga iya idon sawu don a ɗauke shi hoto. Na biyu ya shiga iya gwiwa don kada a ce ya ji tsoro. Na uku ya wuce su duka. To, a irin wannan rana ce akan koma masauki da takalman mutum a hannu babu mai su, a kwana ana shawarar wanda zai iya buga wa iyayensa waya.

Mutumin da ya baro Arewa ya zo Kudu neman abinci ya baro ƙasar da rafi ke ƙafewa da rani har yara su yi wasa a cikin yashinsa, ya shigo ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Ikko tana zaune ne tsakanin teku da tafki, ga manyan lambatu sun ratsa unguwanni. Anaca tana bakin Kogin Kwara. Daga Fatakwal ko Warri ko Yenagoa, akwai garuruwa masu yawa da ba a kai musu albasa ko tumatir ko ragon layya sai ta jirgin ruwa. Mai gadi da ke haye ruwa zuwa wurin aikinsa daga Apapa, da ɗan dako, da mai tallan goro da ya gaji da cunkoson motocin hanyar Ikorodu ya shiga jirgi, dukansu rayukansu na bisa ruwa kusan kullum. Amma in aka tara su aka ce wanda zai iya fid da kansa in jirgi ya kife ya ɗaga hannu, hannuwan da za a gani ba za su kai abin ƙirgawa ba. Wannan sakaci ne, kuma lokaci ya yi da sarakunan Hausawa na Kudu, da shugabannin kasuwanni, da malaman makarantun Islamiyya za su ɗauki koyon iyo da muhimmancin da suke ba sauran abubuwan da ke tsare rai da dukiya.

Wanda ke ganin an cika baki, ya tuna da daren Lahadi 27 ga Janairu, 2002, lokacin da ma'ajiyar makamai ta barikin soja da ke Ikeja ta kama da wuta, bama-bamai suka yi ta tashi. Jama'a suka ɗauka yaƙi ne ya ɓarke, kowa ya ranta a na kare cikin duhu. Dubban mutane suka nufi wajen Oke-Afa, inda wani babban lambatu yake, wanda ciyawar ruwa irin kainuwa ta rufe fuskarsa har ya yi kama da fili. Na gaba suka faɗa, na baya suka biyo su. Mutum fiye da 1,000 suka rasu a wannan masifa, kuma mafi yawansu ba wuta ce ta ci su ba, ruwa ne, galibi mata da ƙananan yara. Gaskiya ne a irin wannan turmutsitsi da taɓo ko gwanin iyo yana iya halaka. Amma faɗin lambatu ba faɗin teku ba ne, kuma babu shakka akwai waɗanda tsakaninsu da ɗaya gaɓar bai fi tsawon ɗaki uku ko huɗu ba.

A can gida ma labarin ɗaya ne. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya tashi daga Lokon Minna a Jihar Neja zuwa kasuwar Warra a Jihar Kebbi, ɗauke da mutum fiye da 150, ya tsage a tsakiyar kogi, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ran 30 ga Nuwamba na wannan shekara kuma jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari, tsakanin Badau da Bagwai a Jihar Kano, da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29. A Oktoba 2022 mutum 76 suka halaka a Ogbaru ta Jihar Anambra suna gudun ambaliya. A Yuni 2023 'yan biki fiye da 100 suka nutse a wajen Patigi ta Jihar Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure da dare. A nan Ikko, a jajibirin Babbar Salla ta 2022, jirgin da ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan faɗuwar rana ya kife da fasinjojinsa, aka tsamo gawa fiye da 15, da yawansu 'yan gida ɗaya. Duk lokacin da haka ta faru, sai gwamna ya je ta'aziyya, a kafa kwamiti, a raba rigunan kariya 'yan ɗaruruwa a gaban masu ɗaukar hoto, shi ke nan sai wani jirgin ya sake kifewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a watan Disamba na 2024, inda ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ruwa ya ci a duniya cikin shekarar 2021, wato fiye da mutum 30 ke nan a kowace awa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Abin da ya fi ɗaga hankali a rahoton shi ne, daga shekarar 2000 zuwa 2021 yawan masu mutuwa ta wannan hanya, in aka auna da yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya baki ɗaya, a Turai ya ragu da kashi 68, amma a Afirka da kashi 3 kacal ya ragu. Ruwan Turai bai fi na Afirka tausayi ba. Mutanen can dai sun sa yaransu koyon iyo, sun katange wuraren haɗari, sun tilasta wa masu jiragen ruwa bin doka. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 2021 ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kan nutsewa a ruwa, ko da yake da wuya a sami wanda ya san da zamanta a Sabo ta Badun ko a Sabon Shagamu.

Akan ji wasu suna cewa ai iyo wasan Turawa ne, ko kuwa na mutanen bakin teku, Bahaushe ina ruwansa. Mai faɗin haka bai san tarihin ƙasarsa ba. Tun kafin a san da wani abu wai shi tafkin siminti, Kabawa da Sarkawa da Gungawan Yawuri da Kyadawan ƙasar Nufe da Budumawan Tafkin Chadi a cikin ruwa suke tashi. Sarautar Sarkin Ruwa tsohuwar sarauta ce. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro shi a yadda aka san shi yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama don tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi, ba kamun kifi kaɗai ake yi a cikinsa ba. Akwai ranar Kabanci, inda ake tseren iyo, da tseren kwalekwale, da gasar nutso, da kamun agwagwar ruwa da hannu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ya ga dubban masunta sun ruga cikin ruwa lokaci guda, kowa da homarsa da ƙaton goransa, ya san cewa Arewa ba baƙuwar ruwa ba ce. A 2016 hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Abin da ya faru kawai shi ne, an bar wa masunta iyo a matsayin sana'ar gado, kamar yadda aka bar wa maƙera ƙira, sauran jama'a suka ɗauke kai.

Su Turawan ma da ake jingina musu abin, a baya suka zo. A 1455 wani matuƙin jirgi ɗan ƙasar Italiya mai suna Cadamosto, wanda ke yi wa Fotugal aiki, ya sauka a gaɓar Senegal. Ya so ya aika da takarda zuwa jirginsa da ke tsaye kimanin mil 3 cikin teku, ga hadari ya taso, babu kwalekwalen da zai iya fita. Mutum biyu daga cikin mutanen ƙasar suka ce za su kai ta da iyo. Ɗaya ya juyo, ɗayan ya keta igiyar ruwan ya kai takardar, ya kuma dawo da amsa. Baturen ya rubuta cewa a ganinsa babu masu iyo kamarsu a duniya. A zamanin cinikin bayi, 'yan Afirka ne Turawa ke sa wa su nutsa su tsamo lu'ulu'u da kayan jiragen da suka nutse, domin yawancin matuƙan jiragen Turai na wancan zamani ba su iya ruwa ba. Har a 1844, da wasu Indiyawan daji biyu daga Amurka ta Arewa suka nuna wa mutanen Landan irin iyon da ake wurga hannu ɗaya bayan ɗaya ana dukan ruwa da ƙafa, sai Ingilishi suka ce wannan ai haukan ƙauyawa ne, suka ci gaba da iyonsu irin na kwaɗo. Yau wannan iyon da suka raina shi ne mafi sauri a duk gasar duniya, kuma shi ne wanda kowane yaron bakin gulbi ke yi ba tare da wani ya koya masa a makaranta ba.

Abin da Turawa suka yi shi ne, sun mai da iyo wasa mai doka da ma'auni da agogo. Da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a birnin Atina a 1896, a cikin teku aka yi tseren iyo, cikin sanyi da igiyar ruwa. A 1908 aka kafa ƙungiyar iyo ta duniya a Landan, a 1912 aka fara barin mata su shiga gasar, sa'an nan a wasannin Faris na 1924 aka yi amfani da tafki mai tsawon mita 50 da layuka, wanda shi ne ma'aunin da ake bi har yanzu. Daga nan ƙasashen da suka gina tafkuna a makarantu da unguwanni suka yi ta kwasar lambobi. Michael Phelps na Amurka shi kaɗai ya tara lambobin Olamfik 28, 23 daga ciki na zinariya. Sai aka wayi gari wasu suna yaɗa cewa wai jikin baƙar fata nauyi gare shi, ba ya iyo. Anthony Nesty na ƙasar Suriname ya ƙaryata wannan a 1988 a Koriya ta Kudu, da ya ci zinariya a tseren mita 100 na iyon malam-buɗe-littafi, ya riga gwanin Amurka Matt Biondi da kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa. Simone Manuel ta sake ƙaryata shi a Brazil a 2016. Daga Afirka, Tunisiya ta ci zinariya da Oussama Mellouli a 2008 da Ahmed Hafnaoui a 2021, ita kuwa Kirsty Coventry ta Zimbabuwe, wadda ta ci lambobi 7 a iyo, a 2025 aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olamfik na duniya gaba ɗaya.

Akwai kuma labarin da ya fi dacewa da halin da ake ciki. A wasannin Sidni na 2000, mutum uku aka jera a wani zagayen share fage na mita 100: Karim Bare na Jamhuriyar Nijar, da wani ɗan Tajikistan, da Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini. Biyun farko suka yi riga malam masallaci, suka faɗa ruwa kafin a ba da alama, aka fitar da su. Moussambani ya rage shi kaɗai. Watanni kaɗan ke nan da ya fara koyon iyo a ƙaramin tafkin wani otal, bai taɓa ganin tafki mai mita 50 ba sai da ya je can. Ya yi ta fama, har 'yan kallo suka fara tsoron zai nutse, amma ya kai gaci cikin minti 1 da daƙiƙa 52 da 'yan kai, fiye da ninki biyu na lokacin gwanaye. Duniya ta yi dariya ta kuma yi tafi. Daga baya shi aka naɗa mai horar da 'yan iyon ƙasarsa. Abin lura a nan shi ne babban mutum ne, da girmansa ya koya, kuma watanni kaɗan suka ishe shi ya iya ratsa mita 100. Faɗin ruwan da ke cin mutane a lambatu da bakin gaɓa bai kai rabin haka ba.

Nijeriya fa? Ƙasar da ke da Kwara da Binuwai da teku da ɗaruruwan mil na gaɓa ba ta taɓa cin ko da lambar tagulla a iyo a Olamfik ba. Sai a wasannin Tokyo na 2021 aka sami 'yar Nijeriya ta farko, Abiola Ogunbanwo, da ta yi mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya. An gina babban filin wasa na Surulere a 1972 da tafkinsa na gasa, aka yi wasannin Afirka a cikinsa a 1973, daga baya aka bar tafkin ya yi shekaru da dama a rufe, kwaɗi na kuka a ciki. A gasar wasanni ta ƙasa, wadda ita ma a 1973 aka fara ta, lambobin iyo galibi jihohin bakin ruwa na Kudu ke raba su tsakaninsu. Da jami'an wasanni na Kebbi da Neja da Taraba da Borno za su je Argungu da Yawuri da Ibi da Baga su zaɓo yara 'yan shekara 9 ko 10, su haɗa musu karatu da horo, da an ga abin mamaki cikin shekara goma. Amma hankalin kowa yana kan ƙwallon ƙafa.

Ko a bar maganar lamba, akwai ta lafiya. Ɗan kasuwar da ke wuni zaune a rumfa daga safe har magariba, abincinsa shinkafa da mai da lemon kwalba, shi ne wanda hawan jini da ciwon sukari ke sallama wa tun yana ɗan shekara arba'in. Likitoci sun ce babba yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Mai ƙiba ko mai ciwon gwiwa ba zai iya gudu a kan kwalta ba, amma a cikin ruwa nauyinsa yana raguwa ƙwarai, gaɓoɓinsa su huta, alhali zuciya da huhu da kafaɗu da ƙafafu duk suna aiki. Wasa ne da ɗan shekara 7 da ɗan shekara 70 za su iya yi a wuri ɗaya.

Sai dai ba kowane ruwa ake faɗawa ba, kuma a nan iyayen da ke dukan yaransu don sun je kududdufi suna da hujja. Ruwan da ke kwance, da madatsai, da hanyoyin ban-ruwa na gonaki, su ne gidan tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma ne a jikin wasu ƙananan katantanwa, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ta shiga jini, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. A wasu ƙauyuka har ana ɗaukar wannan alamar balaga ce, alhali cuta ce da ke lalata mafitsara da ƙoda in aka ƙyale ta, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu fama da ita. Tana da magani, ƙwayar da ake kira praziquantel, wadda akan raba a makarantu. Ruwan gishiri na teku ba ya ɗauke da ita, tafkin da ake sa wa maganin kashe ƙwayoyin cuta ma haka. Shi kuwa ruwan lambatun Ikko da gefen tafkin da ake juye ƙazantar gari a ciki, ba wurin koyon iyo ba ne ko kaɗan. Kuskuren iyaye shi ne da suka tsaya a kan hani. Yaron da aka hana shi ruwa da bulala zai je a ɓoye, ba babba a kusa, kuma ran da abokinsa ya nutse tsoron duka zai sa ya gudu gida ya yi shiru.

Akwai masu cewa in kwana ya ƙare ko an iya ruwa sai an tafi. Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma mai faɗin haka yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu kafin ya tafi gida, yana kuma duba hagu da dama kafin ya tsallaka titin Oshodi. Malamai sun sha kawo maganar da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, inda ya umarci a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, kuma shi mutumin hamada ne, ba na bakin gulbi ba. Haka nan zancen 'yan ruwa da akan ce su ke jan ƙafar mutum. Abin da ke jan mutum a bakin tekun Ikko sananne ne. Ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma, sai ya tattaru ya bi ta wata 'yar siririyar hanya da ƙarfin gaske zuwa cikin teku. Wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Wanda ya faɗa ciki, in ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo gaɓa kai tsaye, gajiya za ta kashe shi. Dabarar ita ce ya kwanta bisa ruwan ya ɗaga hannu a gan shi, ko ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar, sa'an nan ya juyo.

Kada kuma wanda ya iya ya ɗauka ya gama da ruwa. Kyaftin Matthew Webb shi ne mutum na farko da ya ratsa tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo, a 1875, cikin awa 21 da minti 45. Bayan shekara 8 ya ce zai ratsa guguwar ruwan da ke ƙasan magangarar Niagara, a nan ya halaka. Saboda haka iya iyo ba ya ɗauke wa kowa sa rigar kariya a jirgi. In jirgi ya kife da dare a tsakiyar Kwara, ga babbar riga ko zane da mayafi sun sha ruwa sun naɗe ƙafafu, ga mutum biyar sun riƙe wanda suka ga yana motsi, rigar ce kaɗai ke riƙe kai a sama. Jihar Ikko ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa, LASWA, a 2008, ta kuma wajabta sa rigar, ita ma hukumar tarayya, NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima. Amma dokar da fasinja da kansa ke taya mai jirgi karya ta ba za ta tsare kowa ba. Sau nawa ake miƙa wa mutum rigar ya ce tana wari, ko ya ɗora ta bisa cinya, ko ya rataya ta bai ɗaure igiyoyinta ba? Wanda ya ga an cika jirgi har ruwa na taɓa bakinsa, ya sauka ya jira na gaba, ko da zai rasa kasuwar ranar.

Wani abin da ya kamata kowa ya sani, ko bai taɓa shiga ruwa ba, shi ne yadda ake ceto. Mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim. Bakinsa yana shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin kira, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya yana iya ɓacewa, mutane na kusa da shi suna zaton wasa yake yi. Wanda bai sami horo ba kada ya faɗa ya kamo shi, domin sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. A miƙa masa gora ko sanda ko rawani, ko a jefa masa jarkar da ba kome a ciki an rufe bakinta, ko igiya, mai miƙawar yana kwance ko ya riƙe wani abu. In an fito da shi ba ya numfashi, a bar al'adar nan ta juya shi ƙafa sama ko danna masa ciki wai a fitar da ruwa, ɓata lokaci ne, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki, sa'an nan a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, ana maimaitawa har taimako ya zo. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti. Mai farfaɗiya kada ya shiga ruwa shi kaɗai, wanda ya sha ƙwaya ko wani abin maye kuwa kada ma ya kusanci gaɓa. Su kuma ƙananan yara, ba teku ke cin su ba. Bokiti ne, da bahon wanki, da durom ɗin da aka tara ruwan sama, da rijiyar tsakar gida marar murfi, a gidajen haya inda kowa ke zaton wani na duba yaron.

Saura maganar mata, wadda ita ce aka fi kauce wa. In aka duba waɗanda ake tsamowa bayan kowane haɗarin jirgi, mata da yara ne suka fi yawa, domin su ne masu zuwa biki da kasuwa da Mauludi, su ne kuma ba a taɓa bari sun koyi ruwa ba. Uzurin da akan kawo shi ne tsiraici da cuɗanya, kuma uzuri ne mai ƙarfi in aka dubi yadda tafkunan otal suke. Amma abu ne mai magani. Tun 2004 wata mata Musulma a Ostareliya, Aheda Zanetti, ta fito da kayan iyo masu rufe jiki duka ban da fuska da tafin hannu da sawu, kuma telan Agege da ya ga samfuri sau ɗaya zai ɗinka. Abin da ya rage shi ne a kama tafki na awa biyu, a rufe ƙofa, mace ta koya wa mata. Uwar da ta iya ruwa ita ce za ta fi kowa lura da ɗanta a bakinsa.

In an ce ina kuɗi, sai a dubi Bangaladash, ƙasa mai talauci da yawan jama'a da yawan ruwa, inda nutsewa ke kan gaba wajen kashe ƙananan yara. Mutanen can ba su jira an gina musu tafkin siminti ba. Sun kafa dandamali na gora a cikin tafkunan ƙauye, suka kewaye wuri marar zurfi, suka horar da matasan garin su zama malamai. Abin da ake nema daga yaro kaɗan ne: ya iya iyo na mita 25, ya iya tsayawa bisa ruwa na daƙiƙa 30 bai nutse ba, ya kuma san yadda zai ceci wani daga kan tudu. Ƙananan da ba su kai koyo ba kuma aka tara su wurin reno da hantsi, lokacin da iyaye mata ke cikin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi waɗannan hanyoyi biyu, ta ba ƙasashe shawarar a fara koya wa yara daga shekara 6.

'Yan Arewa mazauna Kudu sun fi mutanen ƙauyen Bangaladash dama. Akwai tafkuna a filayen wasa na gwamnati, kamar na Rowe Park a Yaba, akwai a jami'o'i da wasu makarantu da barikoki a Ikko da Badun da Binin da Fatakwal, yawancinsu a wofi suke da safiyar ranakun aiki. Ƙungiyoyin 'yan goro da 'yan shanu da 'yan gwari da 'yan canji suna tara kuɗi duk mako, kuma kowa ya san in ɗan'uwa ya rasu nan da nan ake haɗa kuɗin motar da za ta kai gawarsa gida. Kaɗan daga cikin irin wannan kuɗi zai kama tafki da malami na tsawon hutun makaranta guda. Sarkin Hausawan kowace unguwa yana da bakin da zai nemi wannan alfarma wurin shugaban ƙaramar hukuma ko kwamishinan wasanni, musamman da yake 'yan siyasa ba sa rabuwa da ƙofar gidansa in zaɓe ya gabato. A fara da ɗalibai 20 na Islamiyya ɗaya, a nemi Bakabe ko Banufe ko ɗan Yawuri daga cikin 'yan ci-ranin da ke unguwar, a tura shi ya sami horon koyarwa da na ceto, domin iya iyo daban, iya koyar da shi daban.

Kafin a kai ga wannan, akwai Salla mai zuwa. Limamai su ɗauki minti biyu bayan huɗuba su ja kunnen samari. Duk motar da za ta tashi zuwa bakin teku a sa mata babba guda wanda zai ƙirga mutane a tafiya da dawowa, a zaɓi gaɓar da ke da ma'aikatan ceto, a tambaye su inda aka yarda a shiga, a bar wurin kafin duhu. A bayan motar kuma a ajiye jarka biyu da ba kome a ciki, da igiya mai tsawo ɗaure a hannun kowace.